Hatimin Malam da Gadojin Oila

A wani rani da ya wuce na yini a Fulatari, can arewa da Maine-Sorowa, inda tudun yashi ke bin tudun yashi, rijiya kuma ta fi kanti daraja. Bayan azahar na zauna a gindin wata aduwa kusa da wani dattijon malami, Bafillace mai Hausa a baki kamar haifaffen Damagaram. Allo na bisa cinyarsa, ga alƙalamin kara, ga 'yar kwalbar tawada ya kafa ta cikin yashi don kada ta kife. Ya ja layi huɗu a tsaye, huɗu a kwance, gida tara suka fito. Sai ya shiga cika su da haruffa, kuma ba sahu yake bi ba: ya sa alif a ƙasa, ya tsallake ya sa ba a kusurwar sama, ya dawo ya sa jim a gefe, kamar mai shuka a gonar da ya san kowane raminta. Kowane harafi da adadinsa a hisabi. In aka mayar da su lambobi, sahun sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa kullum biyar ce a tsakiya?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Haka muka same shi, ɗana. In ka gusar da ita, gidan ya rushe."

Gaskiya ya faɗa, kuma ana iya nuna dalilin a kan yashin da muke zaune. Lambobi daga 1 zuwa 9 in an tara su 45 ne, sahu uku ne, saboda haka kowane sahu dole ya ɗauki 15. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da biyu na karkace. Tara su duka, 60 ke nan. Amma cikin wannan tarawa kowane gida an ƙirga shi sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka ƙirga sau huɗu. Ashe 60 ɗin nan 45 ce da ƙarin abin da ke tsakiya har sau uku. Ragowar 15, a raba uku, biyar. Babu wata lamba da za ta iya zama a wurin, ko yau ko bayan shekara dubu. Da na gama zana masa, sai ya dubi yashin na ɗan lokaci, ya ce, "To, kai ma kana da naka hisabin." Ya ci gaba da rubutunsa.

Abin da muka yi a gindin aduwar nan shi ne ɗanɗanon wani reshe na lissafi da ɗalibin jami'a ke haɗuwa da shi tun shekarunsa na farko. Lissafi iri biyu ne a dunƙule. Akwai na abin da ke kwarara, kamar ruwan Komadugu ko tafiyar inuwa, wanda ake aunawa. Akwai kuma na abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, kamar shanu a bakin rijiya ko 'ya'yan dara a gidajensu, inda babu rabin saniya, babu rabin gida. Wannan na biyun nake nufi, lissafin ɗaiɗaiku. A cikinsa akwai ƙidayar hanyoyin jera abubuwa, akwai kuma nazarin ɗigo da layukan da ke haɗa su, wanda ɗalibanmu ke kira giraf. Kada mai karatu ya ɗauka raƙumin dawan Kure ake nufi, ko da yake a bakin Bahaushen Nijar sunayen biyu sun kusa zama ɗaya.

Littattafan da ake karantarwa da su sukan fara tarihin wannan fanni daga Turai a 1736. Ni zan fara shi daga Basra.

A ƙarni na 8, Halilu ɗan Ahmad ya so ya tattara kalmomin Larabci duka a littafi guda, Kitabul Aini, ba tare da ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Maimakon ya bi ƙauyuka yana tsintar kalmomi kawai, sai ya tambayi kansa: da haruffa 28, kalma nawa za a iya ginawa? Mai harafi biyu mabambanta, 28 sau 27, watau 756. Mai harafi uku, a ƙara ninkawa da 26, a samu 19,656. Daga nan sai ya tace, ya ware waɗanda Larabawa ke furtawa daga waɗanda ba su da ma'ana. Ƙamus ya nufa, amma ƙidayar jeri ya yi. Bayan ƙarni huɗu da ɗoriya, a Marrakush ta Maroko, Ahmad ɗan Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya koma kan wannan tambaya a littafinsa Fiƙhul Hisab. Misalinsa na masu sana'a ne: in kana da alharini launi goma, tuntu iri nawa za ka ƙulla mai launi biyu, ko uku, ko huɗu? Jadawalin da ya tsara don amsawa shi ne dalar lambobin nan da ake jingina wa Pascal na Faransa, wanda bai rubuta nasa ba sai a 1654.

A wancan zamani dai ilimin aufaƙi, watau gina hatimi na lambobi, ya bunƙasa a ƙasashen Musulmi, kuma ya rabu gida biyu. Masana lissafi suna binciken yadda ake gina shi. Masu ilimin haruffa, irin su Ahmad al-Buni da ake jingina wa Shamsul Ma'arif, suna neman asirin da suke ganin yana cikinsa. Dukansu biyu sun ƙetaro Sahara cikin jakunkunan fatake da alhazai, amma na biyun ya fi samun masauki.

Babbar ƙofar shigowarsu tana nan kusa da mu. Wanda ya ƙetare Komadugu Yobe ta wajen Gaidam zai tarar da kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, ya zama hedikwatar Barno har faɗuwarsa a 1808. Fiye da shekara ɗari uku wannan birni yana tara malamai, kuma ɗaya daga manyan hanyoyin hajji na ƙasar Hausa ta nan take bi. Almajirin Katsina ko Kano da ya ce ya tafi gabas neman karatu, kwarin Komadugun nan yake nufi, kalmar kuma har yau tana bakin almajirai.

Daga cikin masu neman karatun nan akwai wani Bafillacen Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda littattafan Larabci suka sani da al-Fulani al-Kashnawi. Ya tashi a Katsinar da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani suka bari cike da ɗalibai. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali, masanin tauhidi da ake dangantawa da Barno da Bagarmi, da kuma Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya ɗauki hisabi da aufaƙi. Wajajen 1730 ya yi aikin hajji, daga nan ya zarce Alƙahira. A can ya sauka gidan Hasan al-Jabarti, malamin Azhar da ya shahara da ilimin taurari da lissafi. Abin lura a nan shi ne baƙon ne ke karantar da mai gida a fannin aufaƙi. A wannan tsakani ya kammala littattafansa biyu da aka fi sani: Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da hatimai, wajajen 1732, da Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai. Ya rasu a gidan al-Jabarti a 1741, ya bar wa mai gidan wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma ta alƙalaminsa yawancin labarin Bakatsinen ya iso gare mu. Akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa kan hatimai a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan, kuma daga nan Claudia Zaslavsky ta fito da shi ga masu karatun Turanci a 1973.

Ga ɗaya daga cikin hanyoyin da ya nuna, ta hatimi mai gida 25. Sa 1 a kusurwar sama ta dama, inda mai rubutun Larabci ke farawa. Daga nan yi tafiyar doki irin ta shaɗaranji: gida ɗaya hagu, gida biyu ƙasa, ka sa 2. Haka kuma ka sa 3. In tafiyar ta fitar da kai ta ƙasan allo, shigo ta sama. In ta fitar da kai ta hagu, shigo ta dama, kamar an naɗe allon bakinsa ya haɗu da baki. Bayan ka sa 5 za ka tarar dokin zai faɗa gidan da 1 ke ciki. To sai ka matsa gida biyu hagu a sahun da kake, ka sa 6, ka ci gaba da sukuwa. Haka za ka yi bayan 10, da 15, da 20. Abin da zai fito shi ne:

13 25 7 19 1
17 4 11 23 10
21 8 20 2 14
5 12 24 6 18
9 16 3 15 22

Kowane sahu 65, kowane layin tsaye 65, karkace biyu 65. Har karkatattun layukan da suka karye, waɗanda ke fita ta gefe su shigo ta ɗaya gefen, su ma 65 ne. Gwada 25, 11, 2, 18, 9.

Na daɗe ina kallon wannan hatimi kafin in ga abin da ke riƙe da shi, kuma kasuwa ce ta buɗe mini ido. Mu a Nijar da dala muke ƙirga kuɗi, biyar-biyar. To cire ɗaya daga kowace lamba a hatimin, ka karanta ta da dala da ragowa. Sahu na biyu zai koma 16, 3, 10, 22, 9. Sha shida dala uku ce da ragowar ɗaya. Uku babu dala, ragowa uku. Goma dala biyu ce cif. Ashirin da biyu dala huɗu da ragowar biyu. Tara dala ɗaya da ragowar huɗu. Dubi dalolin: 3, 0, 2, 4, 1. Dubi ragowar: 1, 3, 0, 2, 4. Kowace lamba daga sifiri zuwa huɗu ta fito sau ɗaya a nan, sau ɗaya a can. Haka abin yake a kowane sahu da kowane layi. Saboda haka kowane sahu na ɗauke da dala goma, watau 50, da ragowa 10, da biyar ɗin da muka cire, 65. Hatimin ashe allo biyu ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, allon daloli da allon ragowa, kuma tafiyar doki ita ce dabarar da ke hana dala iri ɗaya ko ragowa iri ɗaya haɗuwa a layi guda. Naɗe allon kuwa shi ne abin da ɗalibi ke koya yau da sunan lissafin ragowa, irin na agogo da ke komawa ɗaya bayan sha biyu. Wanda ya gane wannan zai iya gina mai gida 49 ko 121 ba tare da ya haddace komai ba.

A daidai shekarun da al-Kashnawi ke rubutu a Alƙahira, wani saurayi ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, wanda ake furta sunansa Oila, yana aiki a majalisar masana ta birnin Petersburg a Rasha. An haife shi a Basel a 1707. Aka kawo masa wata tambaya ta 'yan yawon shan iska daga Konigsberg, garin da yau ake kira Kaliningrad. Kogin Pregel ya raba garin yanki huɗu, gada bakwai ta haɗa su. Mutanen garin na son sanin ko mutum zai iya zagayawa ya bi ta kowace gada sau ɗaya tak. An yi ta gwadawa ana kasawa, amma kasawar mutum dubu ba ta nuna abu ba ya yiwuwa.

Oila ya watsar da duk abin da bai shafi tambayar ba. Tsawon gada ba ruwansa, girman unguwa ba ruwansa. Abin da ya rage shi ne wane yanki ke haɗe da wane, kuma ta gada nawa. Sai ya lura da abin da kowane mai kai dabbobi mashaya ya sani: wurin da ka ratsa, ta wata hanya ka shiga, ta wata ka fita. Ke nan duk yankin da ba a nan ka fara ba, ba a nan ka ƙare ba, dole gadojinsa su zama shafa'i, bibbiyu. Yanki biyu kaɗai aka yarda su zama wutiri, mafari da maƙare. A Konigsberg kuwa tsibirin tsakiya gada biyar gare shi, sauran ukun uku-uku. Wutiri huɗu. Magana ta ƙare, ba sai kowa ya sake ɗaga ƙafa ba. Ya gabatar da wannan a 1735, takardar na ɗauke da shekarar 1736. Ɗaya ɓangaren maganar, cewa in sharaɗin ya cika to lalle akwai hanyar, sai a 1873 aka buga cikakkiyar hujjarsa daga Carl Hierholzer.

A cikin takardar akwai wata 'yar ƙa'ida da nake son ba ɗalibai a ranar farko. Bayan sallar Juma'a a babban masallacin Diffa, a tambayi kowa mutum nawa ya yi musabaha da su, a tara amsoshin. Jimlar dole ta zama shafa'i, domin kowace musabaha hannu biyu ne, an ƙirga ta sau biyu. Daga nan kuma ya biyo baya cewa yawan mutanen da suka gaisa da adadi wutiri shi kansa shafa'i ne. Ba ka buƙatar sanin ko mutum ɗari ne a masallacin ko dubu biyar.

Mujallar da ta ɗauki takardar Oila ta yi jinkirin fitowa. Ba a buga ta ba sai 1741, shekarar da aka binne al-Kashnawi a Alƙahira.

A nan ne nake da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Akwai masu jin labarin al-Kashnawi su ce ai mun riga Turawa, su tafa, su tashi. Wannan ba ya ƙara mana komai, kuma ba daidai ba ne ma: hanyoyin gina hatimi sun girme shi da ƙarnuka, a Bagadaza da Indiya da Sin. Darajarsa ita ce ya ƙware a fanni mai wuya a makarantun Katsina da na gabas, har ya je Alƙahira aka zauna gabansa. Bambancinsa da Oila ba a kaifin ƙwaƙwalwa yake ba. Yana ga abin da kowannensu ya yi da abin da ya sani. Oila ya rubuta dalili, ya buga, don wanda bai taɓa ganinsa ba ya bincika, ya ƙaryata shi in zai iya, ya ɗora in ya ga wurin ɗorawa. Al-Kashnawi ya rubuta hanya, a cikin fannin da ake yi wa ɗalibi gargaɗin ya ɓoye abin da ya koya. Ilimin da aka mayar asiri daga malami sai almajiri ɗaya yake tafiya, kuma a kowane zango wani abu na zubewa. Hanya takan tsira, dalili ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa bayan kusan shekara ɗari uku dattijon Fulatari ke zana hatiminsa ba kuskure ko ɗaya, amma amsarsa ita ce haka muka same shi. Hukuncin amfani da hatimi a laya da rubutun sha kuwa na malaman addini ne, sun daɗe suna saɓani a kai, ni lambobin nake bi.

Abin mamaki, Oila da kansa ya zo kan allunan nan biyu a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya makance. A takardar da aka buga a 1782 ya yi tambayar hafsoshi 36: runduna shida, muƙami shida, a jera su sahu shida-shida yadda babu runduna ko muƙamin da zai maimaitu a layi. Daloli da ragowa ke nan, amma da shida a madadin biyar. Ya kasa, ya kuma yi hasashen cewa ba ya yiwuwa a 6, da 10, da 14, da duk mai bin wannan tsari. A 1900 Gaston Tarry, ma'aikacin gwamnatin Faransa a Aljeriya, ya bi yiwuwar duka da hannu ya tabbatar cewa a shida ba ya yiwuwa. Amma a 1959 Bose da Shrikhande, 'yan Indiya, tare da Parker na Amurka, suka gina na 22 da na 10, suka rushe ragowar hasashen. Oila ya yi kuskure, kuma an kama kuskuren ne saboda ya ajiye shi a fili. Tun shekarun 1920 kuma Ronald Fisher ya kai irin wannan allo gona a Rothamsted ta Ingila. Mai son gwada taki iri biyar a gonar tattasai a bakin Komadugu, inda gefen kogi ya fi danshi, sai ya yanka ta fangali 25, ya raba takin yadda kowane iri zai fito sau ɗaya a kowane sahu da kowane layi, don kada a yaba wa taki da aikin da danshi ya yi.

Daga Oila zuwa ƙarni na 20 fannin ya yi ta tsiro a wuraren da ba a zata ba. Kirchhoff ya tarar da shi cikin wayoyin lantarki a 1847, Cayley cikin ƙirar sinadarai, Sylvester ya raɗa masa sunan giraf a 1878, littafin farko a kansa kuma Dénes König na Hangare ya fitar a 1936. Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne aikin Otakar Borůvka na 1926, lokacin da ake son kai lantarki ƙauyukan Morabiya da mafi ƙarancin waya. A ce ƙauye goma ne a karkarar Fulatari ake son haɗawa da bututun ruwa daga rijiyar burtsatse guda da ke ɗaya daga cikinsu. Bututu tara sun isa, in dai ba a yi zobe ba. Amma hanyoyin zaɓen taran nan, bisa ƙa'idar da Cayley ya buga a 1889, miliyan 100 ne. Ba mai zama ya gwada su. Dabarar da Kruskal ya bayar a 1956 gajeriya ce: jera tazarar duka daga ƙarama zuwa babba, ka riƙa ɗaukar mafi gajarta, ka tsallake duk wadda za ta rufe zobe. Irin wannan haɗama a yawancin matsaloli tana kai mutum ta baro, a nan kuwa an tabbatar ita ce ke ba da mafi arha. Shekara uku bayan haka Dijkstra na Holan ya buga hanyar gano gajeriyar tafiya tsakanin wuri biyu, wadda jikokinta ke cikin wayar duk direban da ke duba taswira.

A harshen wannan fanni, layin da in aka cire shi giraf ya rabe biyu sunansa gada. Duk ɗan Diffa ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Kwalta ɗaya ce ta ɗauko daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, Gure, Maine, ta iso Diffa ta wuce Gigimi. Ranar da ruwa ya yanke ta a wuri guda, farashin masara a kasuwa ne ke fara ba da labari.

Saura tambayar launi, wadda ita ce na fi so, don amsarta na bakin Tafkin Cadi. A 1852 wani ɗalibi, Francis Guthrie, yana shafa wa taswirar gundumomin Ingila launi, ya lura launi huɗu sun ishe shi raba kowace gunduma da maƙwabciyarta. Ko haka yake a kowace taswira? A 1879 Alfred Kempe ya buga hujja, aka yi masa tafi shekara goma sha ɗaya, sai Heawood ya gano ɓaraka a cikinta a 1890, ya iya ceto launi biyar kawai. Aka zauna haka har 1976, lokacin da Appel da Haken na jami'ar Illinois suka rage matsalar zuwa siffofi 1,936, suka ba kwamfuta ta bi su fiye da awa dubu. Masana da yawa sun yi ta gunaguni, suna cewa hujjar da ɗan Adam ba zai iya karanta ta duka ba wace irin hujja ce. Gunagunin bai gama mutuwa ba.

Ɗauko taswirar Nijar. Jihohinmu takwas launi uku sun ishe su, kuma biyu ba za su isa ba, domin Diffa da Damagaram da Agadas kowace na taɓa sauran biyun. Yanzu fito waje. Maƙwabtanmu bakwai ne: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali. Aljeriya na taɓa Libiya, Libiya na taɓa Cadi, Cadi na taɓa Najeriya, Najeriya na taɓa Benin, Benin na taɓa Burkina, Burkina na taɓa Mali, Mali kuma ta dawo ta taɓa Aljeriya. Zobe ne cikakke mai ƙasa bakwai. A ba Nijar kore. Maƙwabtan ba mai iya ɗaukar kore, sai su yi ta karɓa-karɓa da ja da fari: ja, fari, ja, fari, ja, fari, ta bakwai ta zo tana tsakanin fari da ja, ba ta da na ɗauka. Dole a kawo na huɗu. Da maƙwabtan shafa'i ne, kamar shida na Burkina, da wannan matsala ba ta taso ba. Abin da ya rufe zoben kuwa shi ne 'yar iyakar Cadi da Najeriya, wadda ba ta kai kilomita 100 ba, a cikin tafki, gaba kaɗan da Boso inda Komadugu ke zuba ruwanta. Da ba don ita ba, da launi uku sun ishe mu da maƙwabtanmu.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga noma da muhalli, kuma ɗan yankin da ke son lissafi zalla yakan nufi Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, wani ma ya ƙetara Maiduguri ko Zariya. Da yawansu sun yi allo kafin boko, suna karanta Larabci da rubutun Magariba ba tare da tuntuɓe ba, abin da yawancin masana tarihin lissafi na Turai sai sun sha wuya suke samu. Kirana gare su ne. In lokacin zaɓen batun kundin kammala karatu ya zo, wani daga cikinku ya nemi Bahjatul Afaƙ, ya bi hanyoyin al-Kashnawi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta hujjar kowace, ya nuna inda take aiki da inda take tsayawa, sannan ya fitar da shi da Hausa yadda malamin tsangaya zai iya karantawa. Kafin nan, gwada tafiyar dokin nan a hatimi mai gida 81, ka duba karkatattun layukansa, ka gano abin da ukun da ke cikin tara ta ɓata.